Wuta, Ambaliya da Bashin Gida: Wane Irin Ɗan Takara Ya Dace da Mai Ƙuri'a a Bronx?

Idan zaɓen fid da gwani na watan Yuni ya matso a New York, ba a rasa 'yan takarar majalisar birni da na majalisar jiha a ƙofar masallatan Bronx da Harlem ranar Juma'a, kowa da takardunsa da alkawuransa. 'Yan'uwanmu da suka samu takardar zama 'yan ƙasa, na Najeriya da na Nijar da na zangunan Ghana, da yawansu sukan rasa inda za su kama a kan abu uku da 'yan takara ke yawan faɗa a kai: sauyin yanayi, kuɗin wuta da gas, da ƙwace gida saboda bashi. Wani ya ce a rufe tashoshin gas gobe, wani ya ce dokokin yanayin ne suka sa kuɗin wuta ya hau, na uku ya ce a bi a hankali.

Mutane sukan ɗauki abubuwan nan uku daban-daban, alhali a aljihu ɗaya suke haɗuwa. Kuɗin ɗumama gida ya hau a lokacin sanyi, ruwa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya lalata tukunyar ɗumama gida, ɗan haya ya tashi, harajin gida da kuɗin ruwa suka taru, daga nan sai biyan banki ya gagara. Haka gida yake suɓucewa, sannu a hankali, ba a dare ɗaya ba. Saboda haka ni a ganina ɗan takarar da ya iya zancen yanayi amma bai san yadda ake ƙwace gida ba, ko ya iya kukan tsadar wuta amma bai damu da ambaliya ba, rabin aikin ya sani.

Kafin komai, ƙuri'a ta ɗan ƙasa ce kaɗai. Dokar da majalisar birni ta yi don bai wa masu katin zama damar zaɓen cikin birni, babbar kotun jihar ta soke ta a watan Maris na 2025. Wanda ke riƙe da katin zama kada ya yi rajistar zaɓe ko da wani ya miƙa masa takardar a hanya, domin hakan na iya ɓata masa maganar zama ɗan ƙasa gaba ɗaya.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko, iko: kujerar da yake nema tana da hannu a abin da yake alkawari? Na biyu, kuɗi: wa zai biya, kuma yaushe? Na uku, ɗorewa: abin zai tsaya bayan ya bar kujera, ko kasafin shekara ɗaya zai share shi? Na huɗu, sauƙi: talaka mai aikin dare, wanda Turancinsa bai nuna ba, zai iya cin moriyar abin? Na biyar, haɗari: idan lissafin bai fita ba, wa zai kwana a ciki?

Ma'aunin farko shi ne aka fi yaudarar mutane a kansa, don haka ya kamata a tsaya a kai. Majalisar birni, mai kujeru 51, ba ta yanke farashin wuta. Farashin da Con Edison ke karɓa na kawo wuta da gas gidanka, hukumar kula da kamfanonin wuta da gas ta jiha ce ke amincewa da shi, kuma gwamna ne ke naɗa mambobinta, majalisar dattawan jiha ta tabbatar da su. Ɗan takarar majalisar birni da ya ce zai rage maka kuɗin wuta da hannunsa, abin da zai iya kawai shi ne ya yi magana ya matsa lamba. Amma majalisar birnin tana da iko na gaske a wurare biyu da suka shafe mu: dokar hayaƙin manyan gine-gine, da izinin sayar wa masu zuba jari bashin harajin da birni ke bin masu gidaje. Majalisar jiha a Albany kuwa, mai wakilai 150 da sanatoci 63, ita ke da dokar yanayi, da dokokin yadda banki ke shigar da ƙarar ƙwace gida, da kuɗin lauyoyin da ke kare masu gida kyauta, da kuma tsarin harajin gidaje na birnin. Ka fara duba kujerar kafin ka saurari alkawarin.

Idan ka tattara abin da 'yan takara ke faɗi, za ka ga ra'ayi uku ne ke ta maimaituwa. Ba kowa ne ke zama daram cikin ɗaya ba, akwai masu ɗiban nan su ɗebi can, amma yawanci mutum yakan karkata ga ɗaya.

Na ɗaya: mai cewa gwamnati ta gina wutar da kanta

Wannan ɗan takara yana so dokar yanayi ta 2019 ta tsaya da ƙarfinta. Dokar, yadda aka sa mata hannu, ta ce kashi 70 cikin ɗari na lantarkin jihar ya fito daga rana da iska da ruwa kafin 2030, lantarkin ya zama marar hayaƙi baki ɗaya kafin 2040, kuma aƙalla kashi 35 cikin ɗari na amfanin kuɗin da za a kashe ya tafi unguwannin da aka daɗe ana zalunta. Hujjarsa ita ce kamfanoni masu neman riba sun yi jinkiri, don haka hukumar wutar jiha, NYPA, wadda aka kafa tun 1931 kuma take tafiyar da manyan tashoshin ruwa na Niagara da St. Lawrence, ita ta gina. Dokar da ta ba ta wannan izini ta wuce cikin kasafin 2023. Ta kuma umarce ta da ta rufe ƙananan tashoshinta na ko-ta-kwana masu ƙona gas kafin ƙarshen 2030, muddin hakan ba zai jawo ƙarancin wuta ba. Wasu daga cikin tashoshin nan a Port Morris suke, a kudancin Bronx, inda hayaƙinsu ke haɗuwa da na manyan motocin kasuwar Hunts Point da na babbar hanyar Cross Bronx. Duk uwar da ta taɓa kwana a asibiti da yaro mai asma a wannan yanki ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani.

A kan gida, irin wannan ɗan takara yakan nemi a soke sayar da bashin haraji kwata-kwata, a ƙara kuɗin lauyoyin kyauta, gidajen da suka shiga matsala kuma a miƙa su ga ƙungiyoyin unguwa masu riƙe fili a madadin jama'a maimakon 'yan kasuwar gidaje.

Ta fuskar kuɗi, ba za ka ga sauƙi da wuri ba. Gina tasha da jan manyan wayoyi na cin shekaru, kuma kuɗinsu a ƙarshe daga masu amfani da wuta da masu biyan haraji yake fitowa. Abin da ya sa lissafin ke da ma'ana shi ne hukumar gwamnati na cin bashi da ruwa mai sauƙi kuma ba ta raba riba ga masu hannun jari, sannan dokar ta tanadi a mayar da wani ɓangare na ribar sababbin tashoshin ya zama ragi a takardar wutar masu ƙaramin ƙarfi. Ta fuskar ɗorewa, wannan ya fi sauran, domin tashar da aka gina ba ta gushewa da canjin gwamnati. Haɗarinsa a bayyane yake: a rufe tsohuwar tasha kafin sabuwa ta kammala. An ga irin haka da tashar nukiliya ta Indian Point, wadda ke bayar da kusan rubu'in wutar birnin da yankin Westchester. Da aka rufe ta a watan Afrilu na 2021, gas ne ya cike yawancin gurbin, hayaƙin samar da wuta ya ƙaru maimakon ya ragu. Ɗan takarar wannan ɓangare da ya ƙi amsa tambaya a kan wannan darasi, ban yarda ya shirya ba.

Na biyu: mai cewa doka ta tsaya, kamfanoni su gina, gwamnati ta tallafa

Shi ma ya yarda da sauyin yanayi da manufar dokar 2019, amma yana so 'yan kasuwa su sa jarinsu, gwamnati ta ba su kwangila mai dogon zango, ta kuma ba masu gida rangwame su sa farantan sola ko su canza tukunyar gas da na'urar ɗumamawa mai aiki da lantarki. Yakan nuna maka abin da aka riga aka yi ta wannan hanya: tashar iska ta South Fork a cikin teku, mai injuna 12 da ƙarfin megawat 132, wadda aka kammala a 2024, da layin da aka tsara ya kawo megawat 1,250 na wutar ruwa daga Quebec ta ƙasar Kanada zuwa Astoria a Queens. Idan wa'adi ya gagara, ba ya jin nauyin a ɗaga shi. Hukumomin jihar da kansu sun bayyana a 2024 cewa kashi 70 ɗin nan da wuya a kai shi a 2030.

A kan gida, ba ya son a soke sayar da bashin haraji, yana son a gyara shi: a cire tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a gidajensu, a buɗe hanyar biya kaɗan-kaɗan, a riƙa zuwa ƙofa-ƙofa ana sanar da mutane. Irin gyaran da majalisar birni ta yi a 2024 ke nan kafin a sake sayarwa a 2025.

Kuɗinsa matsakaici ne kuma a rarrabe yake, yana shigowa cikin takardar wuta kaɗan-kaɗan ba tare da ka lura ba. Matsalarsa tana wajen sauƙi da ɗorewa. Rangwamen sola na mai rufin kansa ne, mai kuɗin da zai fara zubawa, mai harajin da za a rage masa. Jiha tana rage kashi 25 cikin ɗari na kuɗin sola daga harajinka, iyakarsa dala 5,000, amma rangwamen kashi 30 na gwamnatin tarayya ya ƙare da ƙarshen 2025 bayan dokar da majalisar ƙasa ta yi a watan Yulin shekarar. Ɗan haya a hawa na biyar ba shi da rabo a nan sai dai ya shiga shirin sola na haɗin gwiwa, inda ake rage masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sannan duk abin da ya dogara da kwangilar kamfani, ya dogara da farashin ƙarfe da ruwan bashi da kuma wanda ke mulki a Washington. A watan Afrilu na 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da aikin tashar iska ta Empire Wind ana tsakiyar gini, sai bayan kusan wata guda ta janye umarnin. Kansila ko ɗan majalisar jiha ba shi da ta cewa a irin wannan.

Na uku: mai cewa a dakata, tsada ta yi yawa

Wannan yana so a sassauta ko a jinkirta dokokin yanayi, a bar gas ya ci gaba, a ƙara bututu idan ta kama. Babban abin da yake suka shi ne dokar birni mai lamba 97, ta 2019, wadda ta sa wa gine-ginen da suka haura murabba'in ƙafa 25,000 iyakar hayaƙin da za su fitar, da tarar dala 268 a kan kowane tan da suka wuce iyaka. Ta fara aiki a 2024, kuma iyakar za ta ƙara tsanani a 2030.

Kada a raina kukansa, akwai gaskiya a ciki. Ba attajiran Manhattan kaɗai ke da manyan gine-gine ba. Akwai gidajen haɗin gwiwa a Bronx da Queens da ma'aikatan jinya da direbobi da 'yan fansho suka mallaka tare, kuma idan aka ce a canza tsarin ɗumama ginin da ya shekara sittin, kuɗin a kan kuɗin wata-wata na mazauna zai faɗo. Tsohuwar da ke rayuwa da fansho, ƙarin dala ɗari a wata na iya zama farkon bashinta. Sai dai a lura da abu biyu. Dokar ba ta shafi ƙananan gidaje na iyali ɗaya zuwa uku ba, wato irin waɗanda yawancin masu gida a cikinmu suka saya a Wakefield ko Williamsbridge ko Jamaica, don haka wanda ya tsorata ka da tarar alhali gidanka mai hawa biyu ne, ya faɗa maka abin da ba haka ba. Na biyu, kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin birnin daga gine-gine yake fitowa, wanda ya ce a soke dokar sai ya faɗi abin da zai sa a madadinta.

A kan gida, yakan fi ba da ƙarfi ga rage haraji da kuɗin ruwa, yana cewa a hana bashin taruwa tun farko. Wannan ma magana ce mai tushe. Tsarin birnin ya hana ƙimar ƙaramin gida a wajen haraji ta ƙaru da fiye da kashi 6 cikin ɗari a shekara, ko 20 a shekara biyar. Sakamakonsa, gidajen unguwannin Brooklyn da farashinsu ya yi tashin gwauron zabi suna biyan kaso ƙarami idan aka gwada da darajarsu, mai gida a Bronx kuma yana biyan kaso mafi girma. Gyaran wannan a Albany yake. Inda nake jin tsoron wannan ɓangare shi ne wasunsu suna ganin kariyar da kotu ke ba mai bashi ɓata lokaci ce, suna so a gaggauta shari'a.

Shi ne mafi sauƙin aiwatarwa, tunda barin abu yadda yake ba ya buƙatar gini. Kuma a shekara ɗaya ko biyu zai iya zama mafi arha. Amma farashin gas na hawa da sauka da kasuwar duniya, kamar yadda aka gani a 2022, kuma kuɗin gyaran tsofaffin bututu a kan masu amfani da gas yake komawa. Haɗarin da ya fi girma shi ne wanda ba ya cikin takardar wuta. A daren 1 ga Satumba 2021, ragowar guguwar Ida ta zubar da ruwan da ya haura inci 3 cikin awa ɗaya a Central Park, mutum 13 suka rasu a birnin, 11 daga cikinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mafi yawa a Queens. Su wa ke kwana a irin waɗannan ɗakuna? Baƙi ne, sababbin zuwa, irinmu. Inshorar gida ta yau da kullum kuma ba ta biyan ɓarnar ambaliya, sai ka sayi ta ambaliya daban. Ɗan takarar da ke son a dakata amma ba shi da magana a kan faɗaɗa magudanan ruwa, ya bar maka lissafin ne kawai zuwa gaba.

Kwatanci a taƙaice

| Ma'auni | Gwamnati ta gina | Kamfanoni da tallafi | A dakata |
|---|---|---|---|
| Kuɗi a kusa | Babu sauƙi da wuri | Ƙari kaɗan-kaɗan | Zai iya fin arha |
| Kuɗi a nesa | Zai iya sauka idan an gina | Ya dogara da kwangila | Yana bin farashin gas |
| Ɗorewa | Mai ƙarfi | Matsakaiciya | Mai rauni |
| Sauƙi ga ɗan haya | Ragi a takardar wuta ga mai ƙaramin ƙarfi | Kaɗan | Babu sabon abu |
| Sauƙi ga mai ƙaramin gida | Matsakaici | Mai kyau idan yana da jari | Mai kyau idan haraji ya sauka |
| Sayar da bashin haraji | A soke | A gyara | Ra'ayinsu ya bambanta |
| Babban haɗari | Rufe tasha kafin a samu madadi | Kamfani ya janye, tallafi ya ƙare | Ambaliya, hayaƙi, saurin shari'a |

Maganar ƙwace gida, inda ƙuri'arka ta fi tasiri

Na fi ba wannan nauyi a kan sauran biyun, kuma dalilina shi ne kuɗin wuta yana hawa ya sauka, gidan da aka yi gwanjonsa kuwa ba ya dawowa. Sannan nan ne hannun ɗan majalisa ya fi kaiwa kai tsaye.

A New York banki ba ya ƙwace gida sai ta kotu, ba kamar wasu jihohin ba. Dokar tarayya ta hana shi shigar da ƙara sai biyanka ya makara fiye da kwana 120, dokar jiha kuma ta wajabta masa aiko maka da gargaɗi kwana 90 kafin ƙarar. Idan takardar sammaci ta zo, kana da kwana 20 na ba da amsa idan hannu da hannu aka ba ka, 30 idan ta wata hanya ce. Mai zaune a gidansa yana da haƙƙin zaman sulhu a kotu, inda ake zama da wakilin banki a duba ko za a sake tsara bashin. A ƙarshen Disamba 2022 aka sa hannu kan dokar da ta toshe dabarar da bankuna ke yi ta janye ƙara su sake shigarwa don su kauce wa wa'adin shekara shida da doka ta ba su na shigar da ƙara. Gargaɗin kwana 90 da zaman sulhu da dokar 2022, 'yan majalisa ne suka rubuta su bayan abin da ya faru a 2008, lokacin da bashi mai tsadar ruwa ya cinye gidajen baƙar fata da baƙi a kudu maso gabashin Queens da arewacin Bronx da tsakiyar Brooklyn. Abin da majalisa ta rubuta, majalisa na iya gogewa.

Kariya a takarda kuma ba ta aiki sai da lauya. Ɗan haya mai ƙaramin ƙarfi a birnin yana da haƙƙin lauya kyauta a kotun gidaje tun dokar 2017, amma mai gida ya dogara ne galibi da shirin HOPP na ofishin babban lauyan jiha, wanda aka kafa a 2012 yake biyan masu ba da shawara da lauyoyi. Kuɗin shirin sai an sake yaƙinsa a kasafi, shi ya sa tambayar ko ɗan takara zai tsaya masa take da muhimmanci.

Sai hanyar da mutanenmu suka fi jahilta. Ko ka gama biyan banki, ko ta hanyar kamfanin da ba ya mu'amala da riba ka sayi gidan, bashin haraji ko na ruwa na iya raba ka da shi. Tun 1996 birnin ke tattara irin wannan bashi ya sayar wa wani asusu na masu zuba jari, su ɗora ruwa da kuɗin hidima, idan ka kasa biya su kai ka kotu. Bashin da bai kai komai ba a farko sai ya ninka. Masu fafutukar gidaje sun daɗe suna nuna cewa unguwannin baƙar fata ne abin ya fi faɗa wa. Jerin sunayen da ake bugawa kafin sayarwar kuma ya zama taswira ga 'yan damfara, masu ƙwanƙwasa ƙofa da sunan taimako su sa tsoho ya sa hannu a takardar da ke miƙa musu gidan. Jiha ta ƙara ƙarfin doka a kan satar takardar gida a 2023, ta mayar da ita babban laifi na kanta a 2024. Sayarwar ba ta yiwuwa sai da izinin majalisar birni, ƙuri'ar kansilanka a nan ƙuri'a ce ta gaske.

Ɗan haya ma abin ya shafe shi. Idan aka ƙwace gidan da kake haya, doka ta ba ka aƙalla kwana 90 ko ragowar yarjejeniyarka, amma tun kafin a kai nan mai gidan da bashi ya shaƙe yakan daina gyara, ya rage zafi. Doka ta ce daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, da rana idan sanyin waje ya sauka ƙasa da digiri 55 a ma'aunin Amurka, cikin ɗaki ya kai 68, da dare kuma 62. Inda zafi bai wadatar ba, mutane kan koma ga ƙaramar hita. Gobarar Twin Parks ta 9 ga Janairu 2022, wadda ta ci rayuka 17 a Bronx, takwas yara, mafi yawansu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, daga irin wannan hita ta tashi, ƙofofin da ya kamata su rufe da kansu kuma ba su rufe ba. Allah Ya jiƙansu. Duk ɗan takarar da ke zancen makamashi, ko ta wane ɓangare, a tambaye shi masu duba gine-gine nawa zai nema wa kuɗi.

Idan ya zo masallaci ko taron ƙungiya, Alhaji, Hajiya, kada a tsaya a gaisuwa da hoto. A tambaye shi yadda zai kaɗa ƙuri'a idan maganar sayar da bashin haraji ta dawo. A tambaye shi ko zai sa hannu a nemi kuɗin HOPP ya zama na dindindin. A tambaye shi abin da zai maye gurbin tashoshin Port Morris da shekarar da za a yi. A tambaye shi ko yana karɓar gudummawa daga kamfanonin gidaje ko na gas, amsar kuma ana iya tantance ta, tunda hukumar kula da kuɗin kamfe tana buga sunayen masu bayarwa a intanet. Wanda ya taɓa riƙe kujera, ƙuri'unsa na baya sun fi takardar kamfe faɗin gaskiya.

Wa ya dace da wa

Idan ɗan haya ne kai a Mott Haven ko Hunts Point ko Morrisania, kana da yara, kuma kuɗin shigarka kaɗan ne, na ɗaya ya fi kusa da buƙatarka. Hayaƙin a ƙofarka yake, rangwamen sola ba zai same ka ba, rage harajin gida kuma ba lallai ya sauko cikin kuɗin hayarka ba. Sharaɗin kawai ya iya faɗin abin da zai maye gurbin tashar da yake son rufewa.

Idan kana da gida na iyali biyu ko uku, biyanka na tafiya daidai, kana da ɗan abin ajiya da rufi mai kyau, na biyu zai fi yi maka amfani a aikace, domin kai ne irin wanda aka tsara rangwamensa dominsa. Ka tabbata dai yana goyon bayan gyaran tsarin haraji.

Idan kana da gida amma ka fara makara, ko haraji da kuɗin ruwa sun taru, ko gidan na mahaifi ne da ya rasu ba a gyara takardun gado ba, ka ajiye maganar yanayi a mataki na biyu. Ka zaɓi wanda ya fi fitowa fili a kan soke ko tsananta sharuɗɗan sayar da bashi da kuɗin lauyoyi, yawanci na ɗaya ne, wani lokaci na biyu. Kada kuma ka jira zaɓe, ka kira 311, lambar taimako ta birni, ka nemi mai ba da shawara kan gida na kyauta tun takardar gargaɗi ba ta zama sammaci ba.

Idan kana zaune a babban ginin haɗin gwiwa kuma fansho kake ci, kukan na uku kukanka ne. Amma kafin ka ba shi, ka duba ko akwai na biyu da ke neman a ba irin gininku tallafi ko bashi mai sauƙi ko ƙarin lokaci, domin wannan zai rage maka nauyin ba tare da an taɓa kariyar kotu ba. Idan na ukun ne kaɗai ke sauraronku, ku nemi ya faɗi a bainar jama'a cewa ba zai goyi bayan rage wa'adin kwana 90 ko zaman sulhu ba.

Idan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kake kwana, ko kana ba da hayarsa don ka cika kuɗin banki, tambayarka ta farko magudanan ruwa ce da shirin halatta irin waɗannan ɗakuna tare da gyara su, a samu ƙofar fita ta biyu. Na ɗaya da na biyu sun fi yawan goyon bayan wannan.

A zaɓen fid da gwani na kujerun birni, tun 2021 kana iya jera 'yan takara har biyar bisa yadda ka fi so, don haka mai shakka tsakanin na ɗaya da na biyu zai iya sa su duka, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A zaɓen majalisar jiha babu wannan, mutum ɗaya za ka zaɓa, kuma a duka zaɓukan biyu sai kana da rajista da jam'iyyar kafin a ba ka takardar fid da gwaninta.